Wurin Shaƙatawa da Haƙƙin Masu Wuri: Darasi Daga Duwatsun Sami Zuwa Ƙasar Kankiya da Kusada

Laccar da aka gabatar a garin Sukuntuni, Ƙaramar Hukumar Kankiya, Jihar Katsina

 



GABATARWA

Maganar da na zo da ita yau ta taso ne daga ƙuryar arewacin Turai, inda dusar ƙanƙara take lulluɓe duwatsu kusan rabin shekara. A can kamfanoni sun gina manyan wuraren shaƙatawa a kan duwatsu, mutane suna tururuwa daga ƙasashe daban-daban don wasan zamiya a kan ƙanƙara, kuɗi kuma suna shiga ba kama hannun yaro. Sai dai waɗannan duwatsu suna da masu su tun kafin a san wannan wasa. Makiyaya ne, sunansu Sami.

Na san wani zai ce, me ya haɗa kifi da kaska? Ina Sukuntuni, ina ƙanƙara? Abin da ya haɗa mu da su tambaya ce guda, wadda ta same su, ta sami wasu a nan Nijeriya, kuma tana tafe gare mu. Idan hukuma ko mai kuɗi ya hango wani wuri a ƙasarku, dutse ne ko fadama ko bakin ruwa ko daji, ya ce zai raya shi, wa za a tambaya? Me za a taɓa, me za a bari? Wa zai ci riba, wa zai ɗauki asara?

Abin da nake so mu tashi da shi daga wannan zama shi ne: aikin raya wuri ba ya ɗorewa sai masu wurin suna cikin masu yanke hukunci tun daga farko, kuma sai mai aikin ya yarda akwai iyakar da ba zai tsallaka ba, ko da kuwa kuɗi na jiransa a bayanta.

SU WANE NE SAMI?

Sami al'umma ce da take zaune a arewacin ƙasashe huɗu: Norwe, Suwidin, Finlan da wani yanki na Rasha. Suna da harsunansu, da tufafinsu, da salon waƙarsu, da sana'o'in hannunsu. Wasunsu masunta ne, da yawa kuma yanzu ma'aikata ne a birane, amma sana'ar da ta riƙe al'adarsu ita ce kiwon wata irin barewa mai manyan ƙahoni masu rassa. Daga gare ta suke samun nama da fata da kuɗin kashewa.

Iyayenmu Fulani da ke nan za su fi kowa gane yadda wannan kiwo yake. Garken ba ya zama wuri ɗaya. Idan sanyi ya fara janyewa sai a nufi duwatsu, inda matan suke haihuwa a watan Mayu. A can ake cinye lokacin ɗumi, a can ake yi wa 'ya'yan shaida a kunne, kowane mai dabba da tasa alamar. Idan sanyi ya dawo sai a gangaro dazuzzuka, inda dabbobin suke tone ƙanƙara da kofato su ci wani irin gansakuka da ke ƙarƙashinta. Saboda haka makiyayin Sami yana buƙatar wurin haihuwa, da wurin kiwon lokacin ɗumi, da wurin kiwon sanyi, da hanyar da ta haɗa su. Idan aka toshe ɗaya daga ciki, sauran ukun sun tashi a banza. A Suwidin an tsara makiyayan cikin ƙungiyoyin kiwo 51, kowace da yankinta, ƙarƙashin dokar kiwo ta 1971.

Mutanen nan sun sha wuya a hannun gwamnatocinsu. A Norwe, tun daga tsakiyar ƙarni na 19 har bayan Yaƙin Duniya na Biyu, manufar hukuma ita ce a raba su da harshensu. An kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kwana inda ake hana su magana da shi. Sai a 1997 Sarki Harald na Norwe ya fito fili ya nemi gafararsu. Ita ma cocin Suwidin ta nemi tata gafarar a 2021.

DA BAƘI SUKA HAU DUTSE

Mu ɗauki garin Åre a yankin Jämtland na Suwidin, ɗaya daga cikin manyan wuraren wasan ƙanƙara a arewacin Turai. Jirgin ƙasa ya isa garin a 1882, aka fara hawa da baƙi kan dutse da inji a 1910, garin kuma ya karɓi gasar duniya ta wannan wasa sau uku: 1954 da 2007 da 2019. Ba wanda zai musa cewa an sami aikin yi, an sami hanyoyi, an sami haraji.

Amma a duba abin da irin wannan wuri yake buƙata. Sai an sare itatuwa an share gangaren da za a yi zamiya. Sai an kafa turakun ƙarfe da wayoyin da ke ɗaukar mutane zuwa sama. Sai otal-otal, sai tituna, sai gidajen hutu na masu hali, waɗanda suke yaɗuwa kowace shekara. Baƙi suna yawo da baburan ƙanƙara masu ƙara, wasu da karnuka. Ita kuwa barewa mai ciki ko mai ɗan jariri ba ta jure hayaniya. Da ta ji motsi sai ta gudu, ta bar ciyawa mai kyau ta koma inda babu komai, wani lokaci ma ta rabu da ɗanta. Baƙon da ya haddasa haka bai ma san ya yi ba. Shi a ganinsa fili ne fetal, babu kowa.

Wannan kuwa ƙari ne a kan abin da ya riga ya ci ƙasar kiwon: ma'adinai, madatsun ruwa, kamfanonin katako, layin dogo, da manyan fankokin samar da lantarki daga iska. Kowane ɗayansu yakan ce ai ɗan kaɗan na ɗauka. Makiyayi ne kaɗai yake ganin jimillar.

Ga kuma sauyin yanayi. Yankin ƙuryar arewa yana ɗumama fiye da sauran duniya ninki-ba-ninki. Yanzu ruwan sama yakan sauka a tsakiyar hunturu a kan dusar ƙanƙara, ya daskare ya zama ɓawo mai tauri wanda kofato ba ya iya fasawa. Dabbobi su rasa abinci, makiyayi ya koma sayen abincin buhu. Su kuma masu wuraren shaƙatawa, da ƙanƙara ta fara yi musu ƙaranci, sai suka koma ƙera ta da inji, aikin da yake shan ruwa da lantarki mai yawa. Ciwo ɗaya ya kama ɓangarorin biyu, amma ɗaya yana da kuɗin magani, ɗaya ba shi da shi.

YADDA SUKA SAMI BAKIN MAGANA

Ba a wayi gari an ba Sami haƙƙinsu a faranti ba. Abin ya samo asali ne daga rikicin madatsar ruwa ta kogin Alta a arewacin Norwe. Tsakanin 1979 da 1981 Sami da masu kare muhalli suka zauna a kan hanyar masu aikin, wasu suka yi yajin cin abinci a gaban majalisar ƙasa a birnin Oslo. Gwamnati ta turo ɗaruruwan 'yan sanda aka kwashe su, aka kuma gina madatsar. A zahiri an kayar da su. Amma kunyar abin ta sa ƙasar ta sake tunani. A 1989 aka buɗe Majalisar Sami ta Norwe a garin Karasjok. A 1990 Norwe ta zama ƙasa ta farko da ta amince da yarjejeniya ta 169 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kan haƙƙin 'yan asalin wuri. Suwidin ta buɗe tata majalisar Sami a 1993, Finlan kuma a 1996. A 2005 Norwe ta yi dokar da ta miƙa mafi yawan ƙasar lardin Finnmark ga wata hukuma wadda Majalisar Sami ce take naɗa rabin shugabanninta.

Jama'a, a daidai shekarun rikicin Alta mu ma muka yi tamu madatsar. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato, kusa da Talatar Mafara, a 1978. An tashi dubban manoma, diyya ta zo da gardama, aka toshe hanyoyi. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka auka wa ƙauyukan, aka rasa rayuka masu yawa. Koken mutanen Alta da na mutanen Bakolori iri ɗaya ne: an yanke hukunci a kan ƙasarmu ba a tambaye mu ba. Can koken ya haifi majalisa da dokoki. Nan ya bar marayu.

Daga baya kotuna suka ƙara wa Sami ƙarfi. A watan Janairun 2020 Kotun Ƙolin Suwidin ta yanke cewa ƙungiyar kiwo ta Girjas ce, ba gwamnati ba, take da ikon ba da izinin farautar ƙananan namun daji da kamun kifi a yankinta na duwatsu, saboda daɗewar da ta yi tana amfani da wurin. A watan Oktoban 2021 Kotun Ƙolin Norwe ta ce lasisin da aka bayar na kafa fankokin lantarki 151 a yankin Fosen ya tauye haƙƙin makiyaya na rayuwa bisa al'adarsu. Gwamnati ta yi jan ƙafa har sai da matasan Sami suka toshe ƙofofin ma'aikatu a Oslo a 2023. A ƙarshe aka yi sulhu: fankokin za su ci gaba da aiki, za a riƙa biyan makiyaya kuɗi duk shekara, za a nema musu ƙarin wurin kiwon sanyi, kuma ba za a sabunta lasisin ba sai da amincewarsu. Da an zauna da su kafin a kafa turke na farko, da ba a kai ga wannan doguwar wahala ba.

ABIN DA AKE NUFI DA ƊOREWA

Kowane kamfani a yau yana cewa aikinsa mai ɗorewa ne. Ga misalai uku da za mu auna wannan magana da su.

Na farko, a duwatsun Jämtland da ke kudu da Åre akwai masaukan matafiya a ƙafa, waɗanda Ƙungiyar Yawon Buɗe Ido ta Suwidin, wadda aka kafa tun 1885, take gudanarwa. Masu zuwa sun yi yawa har barewa ta ƙaurace wa wuraren kiwonta. Bayan tattaunawa da ƙungiyoyin makiyaya da hukumar lardi, a 2023 ƙungiyar ta sanar za ta rufe masaukin Gåsen gaba ɗaya, ta rage gadaje a wasu, ta rufe wasu gidajen abinci, ta kuma taƙaita lokacin buɗewa. Wasu matafiya sun yi fushi. Amma a nan ne aka ga mai ciniki ya rage cinikinsa da hannunsa don dabbar wani ta sami wurin haihuwa. A wurare da dama kuma hukuma takan hana hawan baburan ƙanƙara na ɗan lokaci idan haihuwa ta gabato.

Na biyu, yankin Laponia a arewacin Suwidin, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1996 saboda kyawun halittarsa da kuma al'adar kiwon Sami. Makiyayan suka ƙi yarda a gudanar da shi ba tare da su ba, suka dage har fiye da shekara goma. Yanzu hukumar da ke kula da wurin Sami ne suka fi yawa a cikinta, kuma ba a zartar da komai sai an yi ittifaƙi.

Na uku ya shafi mutunci. A Finlan an daɗe ana sa wa ma'aikatan da ba Sami ba kwaikwayon tufafin Sami don baƙi su ɗauki hoto, ana shirya tsafe-tsafen ƙarya a ce al'adarsu ce, ana sayar da kayan kanti da sunan aikin hannunsu. A 2018 Majalisar Sami ta Finlan ta fitar da ƙa'idojin yawon buɗe ido, waɗanda ruhinsu shi ne: duk abin da za a nuna da sunan Sami ya zama gaskiya ne, kuma Sami ne suka yarda a nuna shi. Suna kuma da tambarin da ake liƙa wa aikin hannu na asali, don mai saye ya bambance shi da na jabu.

Ga ma'aunin ke nan: an yarda da iyaka, masu wuri suna kan kujerar hukunci, ba a kuma sayar da al'ada a kan ƙarya.

MISALAI DAGA GIDA

Mu dawo Nijeriya. Wurin shaƙatawa na kan dutse da ya fi suna a ƙasar nan shi ne na Obudu a Jihar Kuros Riba, wanda ya fara a matsayin gandun shanu a 1951. A 2005, zamanin Gwamna Donald Duke, aka kafa masa keken sama mai tafiya a kan waya, tsawon kusan kilomita 4, aka fara gasar tseren hawan dutse, sunansa ya zagaya duniya. Da gwamnatoci suka sauya, sai kulawa ta ja baya, keken ya tsaya, baƙi suka ragu. Aikin da ransa yake hannun gwamna ɗaya yakan tafi tare da shi.

Ku kwatanta da Sukur, a kan duwatsun Mandara, Ƙaramar Hukumar Madagali ta Jihar Adamawa, wuri na farko a Nijeriya da UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya, a 1999. Abin da ake zuwa gani a Sukur shi ne fadar sarkinsu da ake kira Hidi, da hanyoyin da aka shimfiɗa da duwatsu, da gonakin da aka yanka hawa-hawa a jikin dutse, da wuraren narka tama. Mutanen garin ne suka gina su, su ne kuma suke gyara su da aikin gayya. Boko Haram sun auka wa garin a 2014 sun yi ƙone-ƙone, amma mutanen suka koma suka ci gaba da rayuwarsu, domin wurin gidansu ne.

Ga Argungu. Bikin kamun kifi da aka fara a 1934, lokacin ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, ya shiga jerin al'adun duniya na UNESCO a 2016. Sirrin bikin yana hannun Sarkin Ruwa da mutanensa, waɗanda suke hana kamun kifi a Matan Fada har sai ranar biki. Wannan hanin ne yake tara manyan kifayen da duniya take zuwa kallo. Ashe abin da Turawan Suwidin suka gano a 2023, wato a rufe wuri na wani lokaci don halitta ta huta, Kabawa sun daɗe suna yin sa.

Sai kuma duwatsun Azbin a Nijar. Akwai lokacin da jiragen sama suke kawo Turawa Agadas, Buzaye suna samun abinci ta hanyar ja-gora da tuƙi da ƙirar azurfa. Tawayen shekarun 1990, da na 2007 zuwa 2009, da sace-sacen baƙi suka kashe kasuwar. Darasi biyu ne a nan. Baƙo ba ya zuwa inda babu zaman lafiya. Kuma duk garin da ya saki noma da kiwo ya rataya cikinsa a kan baƙi, ranar da suka daina zuwa zai kwana da yunwa.

ABIN DA YA SHAFE MU A NAN

Allah bai ba mu ƙanƙara ba, amma Jihar Katsina ba ta rasa abin nunawa. Ga Hasumiyar Gobarau, ga rijiyar Kusugu a Daura, ga kaburburan sarakuna na Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Mani, ga hawan salla, ga madatsar Zoɓe a Dutsin-ma, maƙwabtanmu. Mu kuma muna kan babbar hanyar Kano zuwa Katsina, wadda ta ratsa Yashe da Kankiya. Duk ƙasar da ke bakin babbar hanya idon masu kuɗi yana kanta. Wanda zai zo mana ba lalle ne mai otal ba. Zai iya zama mai fasa dutse, ko mai ɗibar yashi, ko mai neman babbar gona, ko mai shimfiɗa faifan lantarkin rana. Tambayoyin dai ba za su sauya ba.

Kuma sau da yawa wurin da zai nuna shi ne wanda a takarda ba na kowa ba ne: burtali, mashaya, makiyaya, hurumin gari, fadamar da mata suke ɗebo ganye da itace, dutsen da ruwa yake taruwa a gindinsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da baƙo ya kira fili, mai shanu ya san hanyarsa ce ta zuwa ruwa.

Wannan fahimta tana cikin addininmu da tarihinmu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina don kiwon dawakin Musulmi, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin zakka da na masu ƙaramin ƙarfi. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan hukuncin raya matacciyar ƙasa da haƙƙin hurumi. Gwamnatin Jihar Arewa ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Mu da kanmu muka yi sakaci. Manomi ya ci burtali taki ɗaya bana, taki ɗaya baɗi. Mai iko ya yanka makiyaya ya raba wa na kusa da shi. Makiyayi ya rasa hanya ya bi ta cikin gona. Gaba ta shiga tsakanin mutanen da kakanninsu suke musayar taki da karan dawa. Ba na ce wannan ne kaɗai ya jawo ta'asar 'yan bindigar dajin Rugu ba, kuma babu wani koke da ya halatta kisa ko satar mutane. Amma wutar da ta ci yammacin jiharmu, har hayaƙinta ya iso mu, ta sami busasshiyar ciyawa a wannan rashin adalci.

Dokar ƙasa ma ba ta bar mu hannu rabbana ba. Gaskiya ne dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ɗora filaye a hannun gwamna, amma riƙon amana ta ba shi a madadin jama'a, ta kuma ba ƙaramar hukuma ikon ba da izinin amfani da filayen karkara don noma da kiwo. Dokar 1992 ta wajabta a binciki illar da babban aiki zai yi wa muhalli kafin a fara shi. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ce mai lasisin haƙar ma'adinai ko fasa dutse sai ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya da al'ummar wurin kafin ya soma aiki, a kuma riƙa sake duba ta duk bayan shekara 5. Mutum nawa ne a cikinmu suka san da wannan?

Idan kuma muna neman hujjar cewa talaka yana kare abin da ya tabbata nasa ne, mu leƙa Maraɗi. Tun daga wajen 1983 manoman can suka fara barin kututturan itatuwa su tofo a gonakinsu, suna yi musu sassabe maimakon tumɓukewa. Da hukuma ta sassauta riƙon da ta yi wa itatuwan gona, manomi ya san gawon da ya raina nasa ne, sai abin ya bazu har Damagaram. An ƙiyasta gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya sun kai hekta miliyan 5, da itatuwa kusan miliyan 200. Ba kamfani ne ya yi wannan ba.

KAMMALAWA DA KIRA

Ina roƙon mu riƙe sharuɗɗa biyar ga duk wanda ya zo da aiki a ƙasarmu, hukuma ce ko ɗan kasuwa.

Na ɗaya, shawara ta riga aiki. A zauna a bainar jama'a, da Hausa da Fulatanci, manomi da makiyayi da mata duk suna wurin, tun ba a sa hannu a komai ba. Taron da aka kira bayan motocin aiki sun iso sanarwa ce kawai.

Na biyu, a fayyace abin da ba a taɓawa: burtali, mashaya, maƙabarta, hurumi, da manyan itatuwa irin su kuka da gawo da ɗorawa da tsamiya.

Na uku, a girmama lokaci. Akwai watannin da amfani yake gona, akwai lokacin da shanu suke wucewa. Aiki ya bi wannan tsari.

Na huɗu, rabon al'umma ya kasance a rubuce: aikin yi ga 'ya'yanmu, kaso daga kuɗin shiga, da alƙawarin gyara wurin idan an gama. Kuɗin ya shiga asusun da kowa zai iya tambayar lissafinsa.

Na biyar, al'adarmu mu za mu nuna ta. Kada a ɗauki hoton matanmu da 'ya'yanmu ba izini, kada a shirya sharo ko dambe ko kiɗan gayya na ƙarya don kuɗi, kuma masaƙanmu da maƙeranmu da masu tukwane da masu fura da nono su sayar da kayansu da hannunsu.

Iyayenmu hakimai da dagatai, Allah ya ƙara muku lafiya, amanar hurumi tana wuyanku. Sa hannu ɗaya na yau zai iya zama rigimar jikoki. Shugabannin ƙananan hukumomin Kankiya da Kusada, ku sa a bi burtalolinmu da mashayanmu a auna su, a kafa musu alama, a ajiye taswirarsu a sakatariya da fadar hakimi. Malamanmu, ku shigar da haƙƙin ruwa da makiyaya cikin huɗuba da karatu. Ardo-ardo da sarakunan noma, ku dawo da zaman da kuke yi kafin faɗuwar damina da kuma gabanin kaka. Ku kuma matasa, kuna da waya a hannu kuma kun yi karatu: ku zauna da tsofaffin Sukuntuni da na Rimaye da na Kafin Soli da na Kusada, ku rubuta sunan kowane dutse da kowace fadama, da inda kowane burtali ya taso da inda ya nufa. Abin da ya ba makiyayan Girjas nasara a kotu shi ne sun iya tabbatar da cewa sun daɗe suna amfani da ƙasarsu. Mu fara tara tamu hujjar tun bana, tun masu sanin suna raye, tun kuma ba a zo nema ba.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.